Shekarar da Dakoro Ta Kira Ni Shagwaɓaɓɓiya

Ku ɗiyana da jikokina, kun tashi kun tarar da labarin motar nan a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Wasu sun ce muku kuka na yi ta yi har Baba ya saya mini ita. Wasu sun ce birgima na yi a ƙasa gaban Nasara a Maradi. Na sha jin haka a gidan biki da gidan suna, in yi dariya tare da masu faɗa, ban taɓa gyara wa kowa ba. Yanzu duk waɗanda nake yin shiru dominsu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafata guda tana hanya. To ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta riƙe sitiyarin.

Mahaifina, Alhaji Tanko, madugu ne a ƙuruciyarsa. Ya kai hatsi arewa a bayan raƙuma, ya dawo da gishiri da dabino, har rana ta gasa masa fuska ta bar zane. Da ya zauna a Dakoro sai ya kama fataucin hatsi, yana saye a kasuwannin ƙauye irin su Bader Goula, yana kaiwa Maradi, wani lokaci har Najeriya. Yana da kamyo guda, wato babbar motar kaya, ƙanin Inna, Kawu Lawali, shi ke tuƙa ta. Raƙumansa kuwa bai rabu da su ba, suna Azagor hannun amininsa Agali, wani Ba'abzine da suka ci ƙurar hanya tare tun suna samari. Dogon mutum ne Baba, miƙaƙƙe, ba a taɓa ganinsa ya jingina da bango ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana na yanka ba, Uwani yake ce mini. Lokacin Nasara da aka ce kowane gida ya ba da yaro a kai lakwal, makarantar boko, ya ce wana, Yaya Isa, na kasuwa ne, sai aka miƙa ni. Karatu ya karɓe ni har na wuce kwaleji a Maradi, na zauna gidan Kawu Lawali. Shi ne ya koya mini tuƙi a wani fili bayan gari, don wasa kawai, yana ɗora ni kan buhu don in ga gabana, yana ta ƙyaƙyata dariya in na kashe masa inji.

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, tutarmu tana sabuwa a ƙofar gidan sufurfe mai mulkin gundumarmu, na gama karatu na dawo gida ina da shekara goma sha takwas. Abin da na tarar ya tsorata ni. Ciwo ya kama ƙugun Baba da gwiwoyinsa. Da safe sai Inna ta narka man kaɗe ta daɗe tana murza masa kafin ya iya miƙewa. Amma da ya ɗaura rawani ya fita zaure, ba mai cewa wani abu na damunsa. Daga ni sai Inna muka sani. Yaya Isa yana Maradi yana riƙe da rumbunanmu na can, shi ma ba a gaya masa ba. Tafiya a ƙasa Baba yana iya daurewa. Ɗaga ƙafa sama ne ya gagara, ga shi hawa kamyo kamar hawa katanga ne. Sai ya daina zuwa kasuwannin ƙauye, ya koma aike. Manoman da suka saba zama da shi a kan tabarma su sha fura kafin a yi maganar awo ba su son ɗan aike. Suka fara kai hatsinsu wajen wasu. A fataucin hatsi, ranar da aka ce mai gida ya kwanta, ranar abokan hulɗa ke watsewa, Baba kuwa ya fi kowa sanin haka.

Wata rana bayan azahar ya kira ni ɗakinsa, Inna tana zaune tana tsince wake.

"Uwani, Lawali ya ce mini kin iya tuƙi. Gaskiya ne, ko wasan kawu da ɗiya ne?"

Na ce gaskiya ne, amma ban taɓa hawa hanya ba.

"To za ki hau. Ƙaramar mota zan saya, ke za ki riƙa kai ni kasuwa."

Inna ta ajiye faifan. "Alhaji, ɗiya mace? Mi za a ce da mu a garin nan? A ɗauko direba mana, ga su nan birjik."

"Direban haya yana da ido, kuma yana da baki," in ji Baba. "Kwana biyu zai yi da ni, duk tasha ta san yadda nike shiga mota."

Inna ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Na koma Maradi, Kawu ya ƙara horar da ni a kan hanya, na yi jarrabawa na karɓi permi, takardar izinin tuƙi. Mai jarrabawar ya daɗe yana dubana kafin ya buga hatimi.

Sai labari ya zo cewa wani Nasara ɗan kasuwa zai koma ƙasarsu, yana sayar da motocinsa. Ranar tafiya, kafin Kawu ya iso daga masaukinsa, ni da Inna muka kifa turmi a gindin kamyo, Baba ya taka, ya dafa kafaɗata, ya hau yana cije leɓe. A Maradi ma bai sauka ba sai da ya aiki Kawu da Yaya Isa wani wuri. Da muka isa gidan Nasaran muka tarar labari ya riga mu. Ƴan kasuwar Maradi kusan biyar sun zo kallo, cikinsu har da Alhaji Garba, wanda ya daɗe yana zawarcin manoman Baba.

Motoci biyu ne a tsakar gidan. Ɗaya doguwa ce, mai kusurwa huɗu kamar akwati, irin wadda jandarmomi ke shiga daji da ita. Ɗayar kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Shuɗiya ce, mai santsi, hancinta siriri, ta kwanta har cikinta na neman taɓa ƙasa, kujerunta na fata masu laushi kamar katifar amarya. Da Nasaran ya ji ina Faransanci sai ya ja ni ya nuna mini ita. Ya tayar da inji, muka tsaya. Can sai na ga bayanta ya ɗago a hankali, sannan gabanta ya biyo, yadda raƙumi ke tashi. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kusa da ƙafar direba: in ka ja shi ta ƙara tashi, in ka mayar ta durƙusa. Mazan suka yi dariya, suka ce abin wasan Nasara. Kuɗinta kuma ya ninka na ɗayar.

"Wannan ba ta hanyar Dakoro ba ce," in ji Kawu, yana buga jikin doguwar da tafin hannu. "Ga motar rairayi nan. Ko ni na samu wannan, na gode Allah."

Yaya Isa ya yarda, kowa ya yarda. Ni ma a raina na san gaskiyarsu. Sai Alhaji Garba ya buɗe ƙofar doguwar da kansa.

"Bismillah, Alhaji. Hau mana, mu ga yadda ta karɓe ka."

Baba ya matsa. Ya kama bakin ƙofar da hannu guda, ya ɗaga ƙafar dama. Ina tsaye a bayansa, na ga ƙafar ta tsaya a rabin hanya tana rawa, na ga gumi ya tsatso a ƙeyarsa ƙarƙashin rawani. Ya sunkuyar da kai kamar yana duba taya. Ba turmi a nan, ba kafaɗata. Alhaji Garba ya daina murmushi, ya soma kallon ƙafar.

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na buɗe baki ba. Na buga ƙafa a ƙasa, na turo baki, na yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ni wallahi ba ni tuƙa wannan akwatin! Kamar motar kai ƴan kaso. In dai ni ce direba, shuɗiyar nike so, in ba ita ba a bar ni in koma gida."

A zamaninmu ɗiya ba ta ɗaga murya gaban mahaifinta, balle gaban abokansa. Duk idanu suka bar ƙafar Baba suka dawo kaina.

"Ke!" in ji Yaya Isa. "Rufe mana baki! Wa ya sa da ke?"

Baba ya sauke ƙafarsa a hankali, ya saki ƙofar, ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya wajen mutanen, ya buɗe hannuwa.

"To kun ji. Uwata ta yi magana. Cikinku wa ya isa ya musa wa uwarsa?"

Aka fashe da dariya. Alhaji Garba har da riƙe ciki, yana cewa boko ya gama da gidan madugu. Baba ya taka zuwa shuɗiyar, ya juya baya, ya zauna cikinta kamar mai zama bakin gado, ya ja ƙafafunsa ciki. Ba wanda ya ga komi.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa ba ku labarinsa ba. Don a cika kuɗin motar sai da aka sayar da rabin raƙuman Baba. Agali da kansa ya koro su daga Azagor zuwa kasuwar Dakoro. Ya zo gida ya gaida Baba, suka sha shayi, bai tambayi dalili ba, amma da na kawo masa ruwa bai ɗago ya dube ni ba, mutumin da yake kawo mini cuku tun ina goye. Yaya Isa, wanda ya san kowane raƙumi da sunansa, ya daina yi mini magana. In ya zo daga Maradi na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. A rijiya da wajen daka ba a da zance sai nawa. Ƴan mata suka sa ni a waƙar dandali. Sunan Shagwaɓaɓɓiya ya bi ni, har yara ƙanana na kirana da shi a bayan mota.

Akwai kuma Haruna. Mushe ne, wato malami, a lakwal ɗin garinmu, mai natsuwa, mai tsabtar riga. Yana zuwa zance wajena tun dawowata, manya sun san da maganar, ni kuma ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Wata rana da la'asar ya zo zaure, ya ƙi zama.

"Innata ta ce ba ta iya riƙon surukar da ta sa aka sayar da garke don kwalliya," ya ce. "Ki gaya mini ba haka aka yi ba, in tahi in gaya mata."

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Kalma biyu ta isa. Amma in na gaya masa zai gaya wa innarsa, innarsa kuma tana da ƴan'uwa a kowace unguwa. Na ce masa haka aka yi, motar ce ta burge ni. Ya tsaya kaɗan, ya yi mini sallama, bai sake dawowa ba. Na shiga ɗakin Inna na kifa kai a cinyarta. Ita tun ranar da ta ga Baba ya sauka daga motar ba taimako ta gane komi. Ta shafa kaina.

"Haɗiye, Uwani," ta ce. "Allah na gani."

Baba kuwa bai taɓa ta da maganar Maradi ba, ni ma ban tayar ba.

Amma kada ku ɗauka shekarar kuka ce. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar lokacin ba. Na ƙware da ɗan ƙarfen nan har ya zama kamar yatsana. In Baba zai shiga sai in durƙusar da ita, in zai fita in ɗaga ta daidai ƙugunsa, ya zuro ƙafafu kawai ya sami kansa a tsaye. Mutane suna ɗauka burga nake yi, suna tafi. Muka koma kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka shiga Bader Goula kasuwa ta watse, masu awo suka bar mudu, kowa ya zo kallon motar da ke gaisuwa da yarinyar da ke tuƙa ta da kallabi. Tsofaffin abokan Baba suka kewaye shi, aka kawo fura, kafin la'asar hatsin da ya tsere mana ya soma dawowa. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce tana so ta ga ko irin nasu ne. Jandarman da ke bakin gari ya karɓi permina ya karanta har sau biyu, daga ranar kuma in na wuce sai ya sara mini. Mun sha kafewa a rairayi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na sha tone taya da hannu ina shimfiɗa kara, Baba yana ciki yana ba ni labarin hanyar Agadas. Kawu Lawali yana zagin motar kullum, ya ce asirinta ya fi na bokaye yawa, amma in ya zo Dakoro sai ya kwanta ƙarƙashinta ya yini, ba ya bari wani ya taɓa ta.

Can tsakiyar damina aka aiko cewa Agali ya rasu. Baba ya ce in duba man mota, gobe za mu Azagor. Yaya Isa ya zo daga Maradi, ya shiga gaba kusa da ni don ba yadda zai yi, ya juya fuska waje. Hanyar arewa ba hanya ba ce, sawun dabbobi ne cikin ciyawa. Da hantsi muka iso kwarin Tarka muka tarar ruwan sama ya kwanta a ciki, ga laka baƙa.

"Baba, mu koma," in ji Yaya Isa. "Da an ɗauki motar kirki da yanzu mun wuce. Wannan ta amare ce."

Baba ya ce, "Uwani, mi kika gani?"

Na fita, na tuɓe takalma, na tattare zane, na shiga ruwan ina taka ƙasa da dunduniya. Ta tsakiya laka ce mai haɗiye ƙafa, amma ta wajen wasu ƙayoyi, inda shanu suka bi, ƙasar tana da tauri. Na dawo na ja ɗan ƙarfen har ƙarshe. Motar ta miƙe tsaye yadda ban taɓa ɗaga ta ba. Na yi bismillah na shiga a hankali, ruwa yana bugun ƙofa, ban ɗaga ƙafa ba, ban ƙara wuta ba. Bayanta ya yi wutsil-wutsil sau ɗaya, ta kama ƙasa, muka haye. Na ji Yaya Isa ya saki numfashi.

A zangon su Agali jama'a ta taru, Abzinawa da Fulani da Hausawa, tsofaffin ƴan ayari da suka san Baba tun yana jan akala. Na tsayar da motar na ɗaga ta, ya sauka ya taka a miƙe har wajen maza. Ni aka kai ni bukkar mata, inda nake hango su. A nan na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Tabarma aka shimfiɗa a ƙasa, Baba ya zauna cikin mutane aka yi addu'a, aka sha shayi, aka daɗe. Zama a ƙasa yana iyawa, tashi ne sai da Inna. Da lokacin tafiya ya yi na ga ya dafa ƙasa, ya gwada, ya koma. Ba ni da ikon shiga cikin maza, kuma ba wata shagwaɓa da za ta yi aiki a gidan makoki.

Sai na ga ya yafito Yaya Isa kamar zai gaya masa magana a kunne. Yaya ya durƙusa. Baba ya ɗora hannu a wuyansa. Daga inda nake na ga bayan Yaya ya ƙage, nauyin mutum guda ya sauka a kansa ba shiri. Bai nuna ba. Ya ci gaba da gyaɗa kai kamar mai sauraron saƙo, ya miƙe a hankali, Baba ya miƙe tare da shi, suka taho suna magana har mota.

Mun haye kwarin, mun yi nisa, sannan muka tsaya gindin wata aduwa don sallar la'asar. Baba ya yi tasa a zaune cikin mota, karo na farko a gaban ɗansa. Da aka shafa, Yaya Isa ya tsaya bakin ƙofa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin Maradi."

Yaya ya dubi motar, ya dubi ƙafafun Baba, sannan ya juyo ya dube ni. Na ga yana lissafin abin a ransa, tun daga tsakar gidan Nasara har zuwa yau. Idanunsa suka kawo ruwa, ya sa bakin rawani ya goge.

"Uwani," ya ce. Wata nawa ke nan bai kira sunana ba. "Da mun isa gida zan tahi wajen Haruna."

Na ce a'a, ya bari. Wanda ya tafi ya tafi, maganar nan kuma ta tsaya gindin itacen nan.

Baba yana jinmu. Ya gyara zama a kujerar baya, ya ce mu shiga rana na faɗuwa. Sai da na tayar da inji, motar ta ɗago, sannan ya yi magana, ba da ni ba, da Yaya Isa.

"Na yi madugu shekara da shekaru, ban taɓa yarda wani ya shiga gabana ba. Yau wata nawa ina zaune bayan wannan ɗiya, ko sau ɗaya ban duba hanya ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, kuma ya ishe ni har yau.

Bayan shekara biyu na auri uban wasunku, kakan wasunku, wanda ya zo neman aurena yana sane da sunan da gari ya sa mini, ya ce shi dai a riƙa rage masa hanya. Ban daina tuƙa Baba ba ko da ina ɗauke da cikin fari. Ni da Yaya Isa muka raba aikin ba tare da mun zauna mun tsara ba: mota tawa, tabarma tasa. Baba ya ƙara shekaru yana cin kasuwanninsa, yana zuwa suna da jana'iza, yana tsayawa a sahun gaba ranar idi. Mutanen Dakoro ba su taɓa ganin an ɗauki Alhaji Tanko ba, sai ranar da suka ɗauke shi da kansu a makara.